Danderun da Aka Dawo da Shi

Tun da Muhsinat take a duniya ba ta taɓa jin an kai wa surukai abinci an dawo da shi a cike ba, sai ga shi yau ya faru, kuma a kanta.

Kuloli biyu ta aika da hantsi zuwa Mafoni, gidan iyayen Tahir, saurayin da za ta aura. Ɗaya burabusko, ɗaya danderu, naman ragon nan da ake rufe wa tukunya ruf ya dahu da tururinsa har tsoka ta saki ƙashi. Mahaifiyar Tahir, Ya Kaltum, ta dawo daga Umara, ga kuma maganar sa rana da aka ajiye Juma'a mai zuwa. A irin wannan gaɓar yarinya kan aika girkin hannunta, ba na uwa ba, ba na maƙota ba. In an ji daɗi, kula takan dawo a wanke da ɗan turaren wuta a ciki. In kuwa ta dawo yadda ta tafi, ba sai an aiko da bayani ba.

Bayan la'asar wani mai keke napep ya sauke kulolin a ƙofar gidansu a Gamboru, ya ce an ce a gaishe su. Iyakar saƙon ke nan.

Baffa Yunus ne ya fara buɗewa. Shi ne ƙanen mahaifinta marigayi, shi ya riƙe ta tun tana rarrafe, kuma da ma da kyar aka shawo kansa ya amince da Tahir. Mutanensu makiyaya ne tun kakanni, ko da suka zauna a birni suka koma fataucin dabbobi bai so a kai 'yarsa gidan da ba a san darajar rago ba. Ya dubi naman nan cike har baki, ya mayar da murfi a hankali. Wanda ya san Baffa ya san ya fi tsoro in ya yi abu a hankali.

"Da hannuna na zaɓi ragon nan," in ji shi. "In ba sa son naman gidana, ba sa son 'yar gidana. Maganar Juma'a babu ita."

Kafin ya fita ya tuna wa kowa cewa ɗan abokin cinikinsa, mai lodin shanu zuwa Kudu, har gobe yana aiko da gaisuwa.

Muhsinat ta durƙushe gaban kulolin tana kuka mara sauti. Goggo Zaratu, yayar Baffa, wadda ta raine ta a madadin uwa, ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce ta tashi ta juye naman a raba wa maƙota, don baƙin ciki ba ya hana nama lalacewa. Muhsinat ta ɗaga murfin tana share hawaye da gefen mayafi. Tururi ya bugi fuskarta, sai ta yi cak.

Ta sake shinshinawa. Ta ɗauki tsoka ta kai baki, ta tauna, ta ciro wani ɗan haƙarƙari ta juya shi a tafin hannu.

"Goggo, wannan ba girkina ba ne."

Goggo ta ɗauka kukan ne ya taɓa mata kai, sai da ita ma ta ɗanɗana. Muhsinat da man shanu ta yi nata, wanda aka aiko musu daga ƙauye, da kimba da kanumfari. Wannan man gyaɗa ne da kori, ga dunƙule an zuba ba tausayi. Kuma ko a mafarki ka tashi 'yar gidan Baffa Yunus za ta bambance maka ƙashin rago da na akuya. Wannan akuya ce, tsohuwa ma kuwa.

Suka buɗe ta burabuskon. Shi nata ne, ko cokali ba a sa ba.

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Muhsinat. Ba ta san komai ba tukuna, amma ta san abu guda: ba hannunta aka ƙi ba. Tun da kulolin nan suka shigo sai yanzu ta iya jan numfashi har ƙasan ciki.

Ba a jima ba aka yi sallama da ita a zaure. Tahir ne, ya rufe shagon yadinsa ya taho, hula a karkace, ido ya yi ja. Ko zama bai yi ba ya zayyana mata abin da ya tarar a gida. Ya Kaltum ta sa an buɗe kular gaban baƙin da suka zo yi mata sannu da zuwa, tana alfahari da cewa yau za su ci girkin surukarta. Loma ɗaya ta yi ta ajiye. Wata daga cikin matan ta riga ta faɗi, wai ai wannan hannun Ya Gana ta unguwar Hausari ne, wadda duk wani suna da biki na Mafoni wurinta ake saye. Aka yi ta ƙus-ƙus. Ya Kaltum ta ce rashin iya girki ba laifi ba ne, ana koya wa mutum, amma yarinyar da za ta sayo ta ce ita ta yi, ba za ta iya zama da ita gida ɗaya ba.

Muhsinat ta saurare shi har ya kai aya.

"Kai fa, Yaya Tahir? Ka yarda na sayo?"

Ya yi jim. Jim ɗin nan bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya ishe ta. Hawayen da suka tsaya suka dawo sabo.

"Tun asuba nake gaban wuta," ta ce. "Dubi hannuna inda murfin tukunya ya ƙone ni. Kowa ya zarge ni zan iya ɗauka, amma ban da kai."

"Ki yafe ni, Muhsinat. Wallahi ba zarginki nake ba, kaina ne ya ɗaure. Mahaifiyata ba ta ƙarya, ke ma ba kya yi. To ni ina zan sa kaina?"

"Ka sa shi a nan. Ita ma gaskiya ta faɗa, ni ma gaskiya na faɗa. Naman Ya Gana ne a kular, amma ba shi na zuba ba."

Sai ta share fuska ta shiga yi masa tambayoyi, irin yadda ake yi a littattafan binciken da take karantawa a waya, waɗanda Goggo ke cewa su suka hana ta ƙiba. Wa ya ɗauki kulolin daga nan? Shi da kansa, a motarsa. Ya tsaya a hanya? Ko mai bai sha ba. Hannun wa ya danƙa su? Nan ya ɗan sosa ƙeya. Cikin gida cike yake da mata, ya ji nauyin ratsa su, sai ya ajiye a falon mahaifinsa na bakin zaure ya wuce shago. Sai bayan azahar aka shiga da su ciki.

Goggo, wadda ta ce za ta je ɗauko buta amma ta maƙale a bayan labule, ta kasa haƙuri ta leƙo. Ita a wurinta magana ta ƙare: Yusra ce, 'yar ƙanwar Ya Kaltum, wadda kowa ya san ta so a ce ita Tahir ya nema. Har ta fara lissafa abin da za ta gaya mata in sun haɗu a biki.

Muhsinat ta girgiza kai. Ta ce mai son ɓata ta ba zai wahalar da kansa har Hausari ba, gishiri zai antaya ko ya ɗiga kananzir, ya huta. Wanda ya cika kular nan har baki, ya goge gefenta tsaf, ba so yake a ga laifinta ba. So yake kada a gane an ci.

Akwai abin da ya faɗo mata a rai, amma ya yi mata nauyin faɗa a gaban Tahir.

Washegari da hantsi ita da Goggo suka hau keke napep zuwa Hausari. Ba su sha wahalar neman gidan ba, ƙamshi ne ya ja su cikin lungun. Suka tarar da Ya Gana, wata dattijuwa mai ƙiba da fara'a, zaune kan kujera 'yar tsuguno tsakanin manyan tukwane tana ba da umarni da ludayi.

"Wushe, wushe," ta yi musu sannu da zuwa da Barbarci, ta sa aka shimfiɗa tabarma.

Bayan doguwar gaisuwa Goggo ta kewaya ta kewaya, ta zo kan tambayar ko jiya wani ya zo da kula mai ruwan zuma ya sayi danderu. Fara'ar Ya Gana ta ragu. Ta ce ita nama take sayarwa, ba sunan masu ciniki ba, kuma da tana faɗin wanda ya saya da rabin amaren garin nan sun shiga uku.

Muhsinat ba ta ja da ita ba. Ta ce ba suna take nema ba, tana dai so ta san ko kular a wanke aka kawo ta.

Nan fa aka taɓo wa Ya Gana inda yake mata ƙaiƙayi. Ina fa a wanke. Ɗan romon da ya rage a ƙasa ta lakata da yatsa don ta ji, sai da ta lumshe ido. Man shanu na gaske, kimba daidai misali, ba abin da ya yi wa wani shisshigi. Ta ce ta daɗe a wannan sana'a, ta san hannun duk mai dafa danderu daga nan har Gamboru, amma ba ta san wannan ba, shi ya sa ta tambayi dattijon da ya kawo kular wa ya yi.

"Me ya ce?" in ji Goggo.

"Mutum yana ta gumi yana leƙen hanya kamar wanda ya ɗauko kayan wani, amma da na tambaye shi sai ya gyara tsayuwa, ya daidaita hula. Ya ce, 'Surukata ce. Yarinyar da ɗana zai aura.' Yana faɗa yana washe baki."

Sai a lokacin ta lura da yarinyar da ke gabanta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya Gana ta dubi Goggo, ta dubi Muhsinat, ta kama baki. Ta ce ita dai ba ta ambaci sunan kowa ba, su zama shaida.

Kuka Muhsinat take yi ko dariya, ita kanta ba za ta iya cewa ba. Abin da ta zarga tun jiya ya tabbata: surukinta ne da abokansa suka cinye naman, ya sayo wani ya cika kular. Mahaifin Tahir, wanda ake kira Ba Ajimi, hawan jini ya kwantar da shi bara har aka fid da rai. Tun daga nan likita ya raba shi da jan nama da gishiri da kitse, Ya Kaltum kuma ta tsaya a kan kwanonsa tsayuwar da ko ƙuda ba ya giftawa. A ajiye wa irin wannan bawan Allah kular danderu a falonsa, shi da abokan hirarsa na masallaci, ai an ɗora masa jarrabawar da ta fi ƙarfinsa. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba.

Abin da ya fi tsaya mata a rai ba cin naman ba ne. Kalmar nan ce, surukata. Duk tsawon neman auren nan ba ta taɓa sanin matsayinta a wurin dattijon ba, gaisuwa kawai take aikawa a amsa. A cikin keken komawa gida ta riƙa maimaita kalmar a zuci, har Goggo ta zungure ta ta ce ta rufe baki kada mutane su ce an sami taɓi.

Da Tahir ya ji labari sai da ya zauna a dakalin zaure. Ya yi dariya, ya yi salati, ya sake dariya, sannan ya miƙe ya ce yanzun nan zai je ya faɗa wa mahaifiyarsa komai.

"Ba za ka faɗa ba," in ji Muhsinat.

"Sunanki fa aka ɓata gaban mata. Baffa ya ce an fasa. In ban faɗa ba ya za mu yi?"

"In ka faɗa, ɗa ya tona wa ubansa asiri a kan budurwa. In ni na faɗa, na shiga gidanku da kunyar maigidan a hannuna. Da wane ido zan riƙa gaishe shi kullum?"

"To mu zuba ido mu rasa juna saboda kunya?"

Nan idonta ya sake cikowa. Ta ce Allah ya sani ba ta da abin da take tsoro kamar rasa shi, jiya ko runtsawa ba ta yi ba. Amma tana kyautata zaton Baba bai ma san an dawo da kulolin ba, don maganar mata ce, ba lallai a kai masa ba. Mutumin da ya tsaya gaban mai nama ya kira ta surukarsa ba zai bari a rushe aurenta a kan lomarsa ba. A ba shi dama ya gyara da kansa. In ta yi kuskuren karantarsa, to ta ɗauki ƙaddara.

Tahir ya daɗe yana kallonta. Bai ce ya yarda ba, amma bai tafi Mafoni da maganar ba.

Kashegari ta sake komawa gaban wuta. Wannan karon kaza ta samu, ta cire fata da kitse, ta dafa ta irin dahuwar danderu da citta da tafarnuwa da lemon tsami, ko ƙwayar gishiri babu. Ta zuba a ƙaramin kwano ta ba Tahir, ta ce ya kai hannu da hannu, ya faɗi saƙon yadda ta faɗa, kada ya ƙara kada ya rage.

Tahir ya sami mahaifinsa shi kaɗai a falo yana sauraren rediyo. Ya durƙusa ya ajiye kwanon.

"Muhsinat ce ta aiko, Baba. Ta ce naka ne kai kaɗai. Babu gishiri, babu kitse, wai ka ci a gaban kowa."

Ba Ajimi ya kashe rediyon. Ya dubi kwanon, ya dubi ɗansa, kunnuwansa kamar sa yi magana. Can ya tambaya, cikin wata murya da ba tasa ba, ko Kaltum ta ji daɗin abincin rannan. Tahir ya sunkuyar da kai ya gaya masa an mayar da shi a cike, da dalilin mayarwar, da abin da Baffa Yunus ya yanke.

Dattijon ya cire hula ya shafa kai.

"Yarinyar ta san ni ne?"

"Ta sani."

"Wa ta faɗa wa?"

"Ba kowa. Ni ma ta hana ni."

Ba Ajimi ya mayar da hularsa, ya ɗauki kwanon kazar da hannu biyu, ya nufi cikin gida da tafiyar wanda zai je cire haƙori. Abin da ya gudana a ɗakin Ya Kaltum ba wanda ya gani. Tahir dai ya ji muryar mahaifiyarsa ta tashi sama da Barbarci, ta daɗe a saman, sannan ta sauko ta koma kuka.

Rana ba ta faɗi ba sai ga Ya Kaltum da kanta a Gamboru, cikin lafaya ruwan toka, ƙamshin humra ya riga ta shiga gida. Mace ce mai ji da kanta, ba a saba ganinta tana ba da haƙuri ba, amma ta zauna gaban Baffa Yunus ta faɗi komai ba ta rage ba, ta ce laifin gidanta ne, kuma gaggawar tata ce.

Baffa ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe fushin nan. Ya ɗaure fuska, ya yi gyaran murya, ya gyara zaman rawani. Amma da aka zo wurin dattawa sun ce ɗanɗanawa kawai za su yi har suka ga ƙasan kula, gemunsa ya fara rawa. Daga ƙarshe ya ce shi ba zai iya riƙe mutum a zuci don ya kasa haƙuri da ragon da shi ya zaɓa ba. Juma'a tana nan yadda aka ajiye ta.

Goggo ta rangaɗa guɗa daga bakin madafa, wai ta manta ba a riga an sa ranar ba.

Muhsinat tana ɗaki, ta jingina da bango cike da daɗi. Sai ta ji an ɗaga labule. Ya Kaltum ce. Muhsinat ta yi saurin zamewa ƙasa ta gaishe ta, kanta a sunkuye.

Ya Kaltum ta zauna bakin gado ta kamo hannunta, ta juya shi, ta ga tabon ƙunar. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Na kira ki maƙaryaciya gaban mutane," ta ce. "Gobe zan tara matan nan in janye da bakina. Amma ki gaya min, kin san gaskiya, me ya hana ki wanke kanki?"

"Mama, ubana ne. Ban iya ba."

Ya Kaltum ta ja dogon numfashi. Ta ce ranar da ya faɗi bara, ita ta tallafe kansa a mota har asibiti tana kiran sunansa ba ya amsawa. Tun daga ranar ba ta sake cin abinci cikin kwanciyar hankali ba, idonta na kan kwanonsa. 'Ya'ya suna ganin ta cika tsanani, shi yana ganin ta hana shi jin daɗin duniya, ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji. Yau kuma ya shigo mata da kwanon kaza, bayan an gama faɗan ya zauna a gabanta ya cinye tas, ba ɓuya, ba leƙen ƙofa, kuma ba abin da zai cutar da shi a ciki.

Hawaye ya gangaro mata, ba ta damu ta share ba.

"Ni kaɗai nake gadin mutumin nan, Muhsinat, kuma na gaji. Ki zo ki taya ni."

Muhsinat ta kifa kanta a cinyar Ya Kaltum ta saki kukan da ba na baƙin ciki ba.

"Zan zo, Mama," ta ce.